Tamanin da Uku

Ƙarfe biyar na asuba a tsibirin Senja,
cikin watan da rana ke ɗauke mana ƙafa.
Na zare wayar caji daga ƙugun mota,
na ajiye jakar allurai a kujerar gefe,
na taka birki. Shiru.

Allo ya watsa mini shuɗin haske a fuska:
ana sabunta manhaja, kada a taɓa komai.
Kashi tamanin da uku cikin ɗari.
Na shanye rabin gahawata, na sake dubawa,
yana nan, kamar an kafe shi da ƙusa.

Ashe cikin dare wani ya shiga motata,
bai buɗe ƙofa ba,
bai bar sawu a kan dusar ƙanƙara ba.
Ta iska ya aiko da gyaransa,
garin neman gira ya tsone mata ido.

Tsoho Eilif kuwa yana can ƙetaren ruwa
da ciwon suga da rawar hannu,
ba ya karyawa sai na yi masa allura.
Jirgin fito zai tashi shida da kwata,
matuƙinsa bai san wata manhaja ba.

Na kira kamfani. Kiɗa ne ya fara amsawa,
minti goma sha ɗaya, sannan wani yaro mai ladabi
daga birnin da ban taɓa takawa ba:
"Malama Gunvor, danne maɓallan sitiyari biyu tare,
ki ƙirga talatin."
Na ƙirga, numfashina na zama hayaƙi.
Allon ya suma, ya farfaɗo,
ya dawo da tamanin da ukunsa a baki
kamar kare da tsohon ƙashi.
Ya ce za su turo wani gyaran kafin Alhamis.
Na ce, ɗana, jinin Eilif bai san Alhamis ba.

Mahaifina bakanike ne.
Yakan kara kunne a jikin inji
ya ce, ga inda ke yi mata ciwo.
Don tunawa da shi na ɗaga murfin gaba.
Ba komai ciki sai kwandon roba,
da igiyar ja,
da safar hannuna ta hagu da ta ɓace tun bara.

Na ƙwanƙwasa wa Aslak mai tumaki,
mai tsohuwar akori-kura mai tarin dizal,
wadda na shekara huɗu ina yi masa tsiya a kanta.
Ya fito da rigar barci cikin takalmin roba,
ya kakkaɓe gashin kare daga kujera.
Har bakin ruwa bai ce uffan ba.
Da ma ya yi gorin, da ya fi mini sauƙi.

Mun riski jirgi ana shirin ɗage gada.

Eilif na zaune bakin taga,
burodi a faranti, bai gutsura ba.
"Kin makara."
Na ce, motata ce ta shiga aji.
Ya naɗe hannun riga yana murmushi:
"To, a gaishe da malamanta."

Da yamma, in ana kiran wannan duhu yamma,
na tarar ta farka, tana ƙifta fitilu,
da albishir a allo:
an ƙara mini launi shida na hasken ciki.
Ta manta tsayin kujerata,
ta manta hanyar gidan Eilif,
ta tambaye ni sunana.

Ban tsane ta ba.
Hunturu huɗu ta ɗauke ni ba ƙara ba hayaƙi.
Amma na shiga cikinta na kashe izinin dare:
mai son gyara ya zo ranar Asabar da hantsi,
ina farke, ba mai jirana.

Lambar Aslak tana manne a ƙofar firji,
da biro, a kan takarda.
Gobe zan kai masa kifi.